Masu Karatu a Rufaffen Laburare

Wata uku malamar kimiyya ta yi tana bin hedimasta a kan makulli guda. Yau ya ce yana aljihun wata riga, gobe ya ce sai kwamiti ya zauna. Tun da mai kula da laburare ya yi ritaya shekara huɗu da suka wuce aka garƙame ɗakin, aka mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru.

Aikin gida ne ya ƙure haƙurinta. Ta ce yara su rubuto yadda kusufin wata ke faruwa. Cikin arba'in da biyu, talatin suka kwafo shirme iri ɗaya daga waya, har kuskuren rubutun bai bambanta ba. Ta tambayi wata ɗaliba yadda ta san gaskiya ne. Yarinyar ta ce, "Malama, ai kowa shi yake turawa."

A ranar malamar ta kafe a bakin ofishin hedimasta ta ƙi tafiya gida. Sai dab da magariba hedimasta ya ajiye mata makullin, yana tsaki.

"Tunda kin fi kowa son ƙura, ga shi. Da safe ki dawo min da abina."

A hanya ta gamu da maigadi, dattijo mai ɗingishi. Ya dubi makullin, ya dubi sama.

"'Yata, da kin bari gari ya waye."

"Baba, kafin gari ya waye ya canja magana. Littafi biyu zan ɗauko in fito."

Kwaɗon ya yi tsatsa, da ƙyar ya buɗe. Warin tsohuwar takarda da kashin jemage ya tare ta. Babu wuta. Ta kunna fitilar waya, ta ratsa tsakanin kujeru tana mita. Ga littattafai reras har rufi, yara kuwa suna can suna kwasar ƙarya a waya.

Ta zaro wani babban littafin kimiyya, ta shafa bangonsa don ta kaɗe ƙura.

Babu ƙura.

Ta haska kujerun. Ƙura kamar a shuka gero. Ta haska kantoci. Kowane littafi fes, gefensa ya yi laushi irin na abin da ake yawan taɓawa.

Sai ta ji an buɗa shafi.

Daga can ƙuryar ɗaki ne, bayan kantar littattafai ta ƙarshe. Ta tsaya cak. Aka sake buɗa wani, a hankali. Wani wari ya taso, irin na ashana da aka hure yanzu.

"Baba?" ta ce ƙasa ƙasa.

"Malama."

Muryar siririya ce, kamar ta yaro, kamar ta tsoho tukuf.

"Shafi na sittin da uku babu. An yage."

Muryar ta ci gaba.

"Mun karance na nan duka. Sau tara. Ba a kawo sabo."

Fitilar wayar ta dushe. A ɗan hasken da ya rage ta ga yatsu sun leƙo ta saman kantar littattafan, dogaye, gaɓoɓinsu sun fi na mutum yawa.

"Zauna ki yi mana bayani."

Kujera ta yi ƙara a siminti. Wata ta bi. Karyayyun kujerun nan suka riƙa miƙewa suna jeruwa layi layi, duk suna fuskantarta.

Bayanta ƙofa ta fara rufuwa.

Ta so yin addu'a, harshe ya ƙi. Ta juya da gudu. Wani abu mai sanyi ya kama ɗaya gefen littafin.

"Ba a fita da shi."

Ta ja. Aka ja. Sunan Allah ya kuɓuce daga bakinta, ta fizge da dukan ƙarfinta, ta faɗa waje a kan gwiwa. Ƙofar ta rufe da gefen mayafinta a ciki.

Maigadi ne ya ɗaga ta. Bai tambaye ta komai ba, ya dai mayar da kwaɗon.

Kwana biyu ta yi da zazzaɓi. Da ta dawo ta roƙi hedimasta a kwashe littattafan da rana tsaka a kai wani aji. Ya saurare ta tsaf, ya ce zai gabatar wa kwamiti. Washegari ta tarar an ƙara kwaɗo na biyu.

Yanzu da littafin nan guda take koya wa yara arba'in da biyu yadda ake bin diddigin magana. Suna karɓa hannu hannu, har faɗa suke a kansa. In an tashi sai ta kulle shi a durowarta, ta tafi da makullin.

Kullum da safe takan tarar an naɗe kunnen wani shafi, gaba da inda suka tsaya jiya.