Dangin Chollom

"Mummy, don Allah ki saurare ni mana!"

"Na saurara har na gaji, Hannah!" Mama Angelina ta dangwarar da ludayin miya. "Ɗan mishan ne, na haƙura. Japanawa yake koya wa Turanci a ɗakin coci, shi ma na haɗiye. Amma ina danginsa? Wa zai shigo falon nan ya nemi aurenki? Ni 'yata ba za ta tafi kamar tsintacciya ba. In babu manya, babu aure!"

Hannah ta fashe da kuka. Saurayinta Chollom maraya ne, kawunsa ɗaya tal da ke Jos kuma an hana shi biza. Mama kuwa in ta kafe, ko fasto sai dai ya yi mata addu'a daga nesa.

Ranar Asabar Hannah ta hau jirgin ƙasa daga Birmingham zuwa Manchester. A ɗan flat ɗinsa na Gorton ta same shi, ɗalibai sun cika falon maƙil, takalmansu jere a bakin ƙofa. Haka rayuwarsa take: da safe aji a coci kusa da Oxford Road, da rana ya raka wannan wajen likita, ya taya wancan rigima da mai gida, Asabar ya dafa musu jalof suna ci suna hawayen yaji. Mai son karatun Littafi Mai Tsarki ya zauna, wanda ba ya so ya sha shayinsa ya tafi.

A kicin ta zayyana masa komai.

"Mu je registry kawai a ɗaura mana aure, Chollom! I'm tired!"

"A'a, Hannah. Ba zan ɗauke ki Mama tana kuka ba. Za mu jira, Ubangiji yana gani."

Haushi ya turnuƙe ta, son shi kuma ya ƙaru. Tana share ido sai ga Mista Ueda, dattijon ajin, injiniya mai furfura, ya kawo kofuna. Cikin Turancinsa mai tafiya a hankali ya tambayi abin da ya faru. Ta faɗa masa. Sai ya ce, "Shi kawun, me yake yi in ya je?"

"Ya gaida iyaye, ya roƙa, shi ke nan."

Ranar Lahadi bayan an taso coci, ƙararrawar gidan su Hannah na Ladywood a Birmingham ta kaɗa. Hannah ta buɗe, ta dafe ƙirji.

"Mummy! Mummy, zo ki gani!"

Japanawa ne reras, maza da mata, cikin baƙaƙen kwat. Ga Mista Ueda a gaba, ga Chollom can baya yana zufa, don shi ma janyo shi suka yi. Mama na fitowa suka sunkuya gaba ɗaya.

To ita Mama, tarbiyyar gida ba ta yarda mai furfura ya sunkuya mata tana tsaye ƙiƙam ba, sai ta rusuna. Su kuma a wajensu mai roƙo ba ya barin mai gida ya fi shi yin ƙasa, sai suka ƙara sunkuyawa. Ta ƙara. Suka ƙara!

"Wayyo gwiwata! Hannah, ce musu su tashi!"

Hannah dariya har da riƙe bango. Amma Mista Ueda bai ɗago ba.

"Madam, mun zo neman auren Hannah wa malaminmu. Da matata ta kwanta asibiti, ko inda ke mata ciwo ban iya faɗa wa likita ba. Shi ya zama bakina har ta warke. Ni ba Kirista ba ne, ya sani, bai taɓa canja mini fuska ba. Mun zo ƙasar nan ba mu da kowa, ya zama namu. An ce ba shi da dangi. Ga mu."

Dariyar Hannah ta ɗauke. Ta dubi uwarta.

"Baba, ɗago kanka, kada ka sa ni zunubi," Mama ta ce, hawaye na zuba. "Chollom, matso nan, ɗana. Ni da nake neman kawu ɗaya, ka kawo mini gari guda! Na ba ka ita!"

Hannah ta daka tsalle ta rungume ta, 'yan matan Japan suna tafi suna kuka.

'Yan'uwana matasa, da Chollom ya biye wa gaggawar Hannah, da sun sami aure sun rasa uwa. Ya yi haƙuri, sai mutanen da ya yi wa hidima ba don a biya shi ba suka tsaya masa a ranar da jininsa ya kasa zuwa.