Nonon Kofi

Ranar da hutun haihuwar Khairiyya ya ƙare, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta tatsi nononta a kofi mai murfi, kamar yadda nas ta koya mata. Ɗanta Khalifa watansa uku. Firamaren da take koyarwa tana bayan garin Tudun Wada, hedimasta kuma ya ce ba a shiga aji da goyo, sai in da mai riƙo a waje. Ita ba ta da kowa.

Ta kai kofin gaban surukarta Dije, ta durƙusa.

"Inna, ga shi. In ya yi kuka a sa kofin cikin ruwan ɗumi, a ba shi da cokali. Don Allah nono kawai, ko ruwa kar a ba shi."

Dije a ruga ta girma, can wajen Doguwa. Ta dubi kofin, ta dubi Khairiyya.

"Tatsa kika yi?"

"E, Inna."

"To."

Kullum Khairiyya ta dawo sai ta tarar da kofin a wanke, ta ji daɗi. Ba a daɗe ba Khalifa ya fara gudawa. Idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta loma. A aji tana rubutu a allo, ƙirjinta na tsatsafo ta cikin hijabi, hankalinta na gida.

Wata safiya ta manta wayarta, ta komo daga soro. Sai ta ga Dije tsugune a bakin makwarara tana tuttular da kofin.

"Inna... me yake sha ke nan?"

Dije ba ta ko razana ba. "Nono kika ce a ba shi, nono nake ba shi. Na shanun ƙanena ne, kullum ana kawo mini. Saniya ake tatsa, yarinya. Nonon mace in ya bar jikinta ya sha iska, ya mutu. Ba zan ɗura wa maigidana shi ba."

Maigidana take kiran jikan nata, don sunan marigayi mijinta aka sa masa.

Musaddiq, mijin Khairiyya, ya fito yana ɓalla maɓallin riga. Uwarsa ba ta bari ya buɗe baki ba.

"Kai, saurara. Ko ta ajiye aikin nan ta zauna ta shayar da shi, ko ta tafi gidansu ta bar mini shi."

Ya sunkuyar da kai. Da suka shiga ɗaki ya kama hannun matarsa.

"Khairi, plis, ki yi rizain. Ba zan iya musu da Inna ba."

"Kai ka yi wa Babana alkawarin ba za ka hana ni aiki ba."

"Na sani."

"To me ya canja?"

"Ɗana nake gani yana ƙarewa, ke kuma ba zan iya rasa ki ba. Ki faɗa mini yadda zan yi."

Ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka.

Kafin azahar Khalifa ya daina kama nono, jikinsa ya saki. Suka kwashe shi zuwa asibiti, aka ɗaura masa ƙarin ruwa a ɗan hannun nan da bai kai kaurin kara ba. Nas ta ji abin da yake sha, ranta ya ɓaci.

"Nonon shanu, ga jariri ɗan wata uku? Wa ya ba shi?"

Ɗakin cike da mata, kowa ta juyo. Dije na tsaye a bakin gado.

Khairiyya ta ce, "Sista, ni na tafi na bar shi. Ni za ki yi wa faɗa."

Nas kuwa ta yi mata, tas, a gaban kowa. Khairiyya ba ta ɗaga kai ba, ba ta dubi surukarta ba ko sau ɗaya.

Allah ya yi da sauran kwana. Yaro ya farfaɗo, ya kama nono, aka sallame su.

Ranar Litinin Khairiyya na zaune a bakin gado, ba ta yi shiri ba. Ta riga ta gaya wa Musaddiq ta haƙura da aikin. Sai ga Dije a ƙofa, Khalifa a bayanta ta tamke shi da majanyi, tabarma a hammata.

"Ba ki makara ba?"

"Inna, ai na bari."

"Wa ya ce? Kofin nan dai har gobe ban yarda da shi ba. Amma tunda makaranta nonon yake tafiya, maigidana zai bi shi can. Akwai inuwa a makarantar taku?"

"Akwai mangwaro, Inna."

"Ya ishe ni. Kai, yaron nan, tsaya kallonmu za ka yi ko achaɓa za ka tsayar mana?"

Musaddiq ya fita da sauri, takalminsa ɗaya a ƙafa.

Tun daga ranar, da an kaɗa ƙararrawar tara, Khairiyya sai ta nufi gindin mangwaro. Har aka yaye Khalifa Dije ba ta yi fashi ba.

'Yan mata, ku ji. Da Khairiyya ta nuna surukarta da yatsa a asibiti, da gaskiya ta faɗa, amma da ta rasa gidan ko ta rasa aikin. Ta yi haƙuri ta rufa wa babba asiri, Allah ya bar mata ɗanta da mijinta da aikinta.