Katin Marigayi Haskew

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Muryar Tico ce ta cika rumfar jirgin, bakin bindigarsa na yawo tsakanin mutum biyu. Delbert mai zuba mai ya saki tiyo ya zube. Amma tsoho Orval Pruett, mai jirgin, ya tsaya ƙiƙam da hularsa ta makiyaya, don bai saba a ba shi umarni a kan dukiyarsa ba.

"Uban wa ya buga waya da sunana ya ce a fito mini da jirgi?"

"Ni ne, baba," in ji Vandiver, ogan ƙungiyar, yana gyara taye. "Tun jiya ni ne Pruett. Katinka ma ya biya kuɗin man, mun gode."

Sana'arsu ke nan. Wendell, ɗan siririn cikinsu, shi ke manna 'yar na'ura a famfunan mai na ƙananan filayen jirgi na yammacin Texas. Mai jirgi ya zura katinsa, shi ke nan, an kwashe sunansa da lambarsa. Daga nan Vandiver ya sa sunan kamar riga: ya ci bashi da shi, ya sha mai da shi, in jirgin ya yi masa kyau ya ɗauke ya sayar a ƙetaren iyaka.

Retta na zaune a kujerar matuƙi, hula a kanta, baƙin gilashi a ido. Ita ta tsegunta wa Pruett ta waya cewa za a taɓa masa jirgi da safe, don so take a katse zuba man nan tankuna ba su cika ba. Zuwa yanzu komai na tafiya yadda ta tsara.

Sai Delbert ya kai hannu aljihu.

Tau!

"Kai, ɗan iska!" Vandiver ya daka wa Tico tsawa. "Wa ya ce ka harba?"

"Oga, ƙarfe zai zaro!"

Ba bindiga Delbert ya zaro ba, waya ce. Ta faɗi kan siminti tana haske. Ɗazu Retta ta ji mutumin yana cewa sauri yake, 'yarsa na da wasan ƙwallo da rana. Suka ɗaure Pruett da igiyar ɗaure jirgi, suka afka ciki.

"Mu ware! Tashi da mu, yarinya!" in ji Vandiver.

Farfela ta juya. Titi ya zo da gudu, ya wuce, ƙasa ta sake su.

Ba wanda ya san ainihin sunanta a cikinsu. Retta Boone suka sani, matuƙiyar da aka ƙwace wa lasisi, mai son kuɗi, marar tambaya. Ba su san 'yar Harlan Haskew ce ba. Harlan feshin gonakin auduga yake yi da ɗan jirginsa a garin Tolliver, mutumin da ko kazar wani bai taɓa ci ba. Wata rana aka kama wani jirgi maƙil da hodar iblis, rajista da sunansa, man da ke ciki da katinsa aka saya. Ya rantse har muryarsa ta dushe. Abokan da ya yi shekaru yana shan kofi da su ba wanda ya leƙo kotu. Suka cire hotonsa daga bangon rumfar jiragen garin, suka ce dama shiru-shirun nan nasa da walakin. A kurkuku ya mutu, sannan suka zo jana'iza suna sunkuyar da kai.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ko a kabari ba su ƙyale shi ba. Wendell ya buɗe sababbin katuna da sunan mamacin, Vandiver kuma ya mai da shi abin wasa. Retta ba ɗaurin Vandiver kawai take so ba. So take ya faɗi sunan nan da bakinsa a gaban mutanen da suka yarda ubanta ɓarawo ne, su ji, su haɗiye.

Sun yi nisa a sama lokacin da ta ƙwanƙwasa mitar mai da farce.

"Oga, man nan ba zai kai mu iyaka ba. Ɗan rabi aka zuba."

"To sai ki san yadda za ki yi."

"Akwai wani ɗan fili a gabanmu. Tolliver. Ko kare ba ya bi ta wurin."

Wendell ya ɗago daga wayarsa, goshi a yamutse. "Tolliver... ina na san sunan nan?"

"Kai dalla rufe mana baki," in ji Tico. "Kullum kai ka san wani abu. Ka san yadda ake tafiya ba mai?"

Vandiver ya zaro walat, ya baje katuna kamar mai karta. Ya ture na Pruett gefe, ya ce wannan ya yi zafi. Ya zaɓi wani shuɗi ya sumbace shi.

"Harlan, bawan Allah! Mataccen nan ya fi rayayyu amana. Bai taɓa kai ƙarata ba, bai taɓa tambayar canji ba."

Tico ya sheƙe da dariya. Retta ta ci gaba da tuƙi. Ta ce a ranta, yi dariyarka, kwana nawa ne.

Ba ƙarya ta yi musu ba, filin Tolliver kango ne duk mako. Amma yau Asabar. Duk Asabar ta farkon wata masu ƙananan jirage na yankin sukan sauka a can karin kumallo, a soya fanke da ƙwai, a sha kofi, a yi ta cika baki kan wa ya fi iya sauka. Duk jirgin da ya sauka baƙo ne, sai an ciyar da shi. Kuma famfon wurin ba na zura kati ba ne. Tsoho Buell Ratliff ke karɓa da hannu, idonsa ya yi rauni, sai ya ɗaga katin ya karanta sunan da ƙarfi. Retta ta girma tana jin wannan karatun.

Da suka yi ƙasa-ƙasa, Vandiver ya hango jirage jere a kan ciyawa, hayaƙin suya na tashi.

"Ke! Wannan taron na mene ne?"

"Tsofaffi ne da fanke, oga. In na juya yanzu, a gonar auduga za a tsince mu."

Vandiver ya yi tsaki. Ya ce Tico ya ɓoye ƙarfe, Wendell ya yi shiru, shi zai yi magana. Ai magana sana'arsa ce.

Tayoyi suka taɓa ƙasa. Ta kai su har bakin famfo ta kashe inji.

Buell ya taho yana ɗingishi, faranti a hannu. A bayansa wani ƙato ne da cokalin suya, Ysidro Cantu, ɗan sandan gunduma, wanda yau hutu yake amma bindigarsa na ƙugu kamar ta kowa a wurin.

"Barkanku da sauka!" in ji Buell. "Saukar nan ta yi kyau, ko ƙwai ba zai fashe ba. Ku fito ku ci abinci."

"Sauri muke, kawu," in ji Vandiver da fara'a. "Cika mana tanki kawai."

"Ba saurin da ya wuce fanke. Kawo katin."

Buell ya ɗaga shi sama, ya runtse ido ɗaya.

"Har... lan... Has..."

Ya tsaya. Ya dubi katin, ya dubi mutumin.

"Malam, ya ka ce sunanka?"

A cikin jirgi Wendell ya zabura. "Tolliver! Oga, kar ka—"

Retta ta sauke masa gwiwar hannu a baki.

"Harlan Haskew," in ji Vandiver, da ƙarfi, yana miƙa hannun gaisuwa. "Ga lasisina ma in kana so."

Hira ta ɗauke a rumfar. Kujeru suka fara ja da baya. Tsofaffin suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, wasu da kofi a hannu.

"Ni na ɗauki makarar Harlan Haskew," in ji Buell. "Da kafaɗar nan."

Murmushin Vandiver ya bushe. Ya waiga wajen jirgi.

"Tada inji! Retta, tada inji!"

Ta buɗe ƙofa ta sauko. Ta ɗaga makullin ya gani, ta wurga shi cikin ciyawa.

Tico ya diro da bindiga. "Shegiya, kin sayar da mu!"

Tau! Harsashi ya tsaga mata dantse. Cantu ya yar da cokali. Tau, tau! Tico ya jingina da fiffike, ya sulale ƙasa bai ƙara motsi ba. Vandiver ya cika wandonsa da iska, ya nufi gona. Ina! Wani tsoho ya sa masa ƙafa, ya kifa kan teburin suya, mai ya watsu masa a fuska. Kafin ya gama ihu gwiwoyi sun danne shi. Wendell kuwa ya fito hannu sama, bakinsa na jini, yana rantsuwar zai faɗi komai tun ba a tambaye shi ba.

Retta ta tsuguna a gaban Vandiver. Ta cire hula, ta cire gilashi.

"Sake faɗin sunan."

"Ke wace ce?"

"Sake faɗa, na ce! Ai ka ce bai taɓa kai ƙararka ba. To ya haihu."

Buell ya saki farantin. "Loretta? Wayyo Allah, 'yar Harlan ce." Hawaye suka zubo masa. "'Yata, ba mu sani ba. Na rantse ba mu sani ba."

"Kun tambaya?" Ta bi fuskokinsu da kallo, ɗaya-ɗaya, ba wanda ya iya haɗa ido da ita. "Tun ina goye babana yake zuba muku kofi a rumfar nan. Baƙo ya sauka kun ba shi fanke. Shi ko kujerar kotu ba ku ɗumama masa ba."

Buell ya ce, "Hotonsa na nan a aljihun tebur. Yau zan mai da shi bango."

"Mai da shi, kawu. Ku dinga cin abinci yana kallonku."

A nan rediyon motar Cantu ya fara magana. An sace jirgi a wani fili da ke arewa, an sami mai shi a ɗaure. Ma'aikacin da aka harba ya cika a hanyar asibiti.

Retta ta zauna a kan tayar jirgi. Ta samu abin da ta zo nema, duka, ba ragi. Kuma an jima da rana akwai wata yarinya da za ta tsaya a filin ƙwallo tana waige-waige ko babanta ya iso, saboda wayar da ita Retta ta buga.

Cantu ya ɗaure mata dantse da tawul ɗin suya, sannan ya zaro ankwa, a hankali, kamar mai jin kunya.

"Dole in tafi da ke. Wane suna zan faɗa musu?"

Ta miƙa hannayenta biyu.

"Loretta Haskew. Wannan karon in an ce Haskew ya yi laifi, gaskiya ne."