Ranar da Hasashe Ya Kuskure

A saman bene ta fara ganinsa. Ta hau shanya audugar da Babanta ke cusa wa katifu, shi kuma yana kan rufin maƙwabta yana ɗaura farantan sola. Can sai ya ajiye sufana, ya ɗaga waya sama, yana murmushi shi kaɗai.

"Malam, sabis ne ya ɗauke?" ta ce.

"A'a, wancan gajimaren nake ɗauka. Dubi yadda ya baje kamar an taje gashi. Ƙanƙara ce zalla, saboda sanyin da ke can sama."

Ta ɗaga kai. Duk hawan da take yi benen nan, abu biyu ta sani game da sama, rana da hadari. Ran nan kuwa ta shagala da kallo, har iska ta soma kwashe mata auduga ba ta sani ba.

Kafin ya sauka ya nuna mata shafin intanet da yake karatu a ciki kyauta. Akwai darussan bidiyo kan yadda tururi ke tashi ya zama girgije, da taswirar da iska ke yawo a kanta kamar zare, da wurin da mutane ke tura hoton saman garinsu. Wai don ya tura mata adireshin ya nemi lambarta. Ta san dabara ce sarai, ta kuma ba shi.

Daga nan saƙo ya buɗe, har ya laƙaba mata suna Yayyafi.

"Barka da safiya, Yayyafi. Tauraron ɗan'adam ya nuna wani farin girgije ya tsaya cak a kan gidanku. Ni dai na san abin da yake kallo."

"Daɗin baki! Na gama darasin iska, kuma na fi ka maki."

Da la'asar takan jingina da buhunan auduga tana bin zaren iskar nan da yatsa, tana raya cewa wadda ta shafi fuskarta yanzu ta biyo ta rufin da yake aiki. Sonsa take, ba ta ma tsaya yi wa kanta gardama ba.

Baba ne ya taka birki. Labari ya kai masa cewa yaron da ke neman 'yarsa yana faɗa wa mutane ranar da za a yi ruwa, kuma a yi ɗin.

"Mai faɗin gobe boka ne, ko da waya yake yi," in ji shi. "Ga ɗan mai kantin magani can yana ta aiko da gaisuwa."

"Baba, wallahi karatu ne. Awo ake yi, zafi da iska da…"

"Uwata, na gama magana."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Inna ta sa baki, ita ma aka ce ta yi haƙuri.

Ana haka aka sauke wa Baba auduga mai yawa, dukkanta da danshi, damina kuma ta kankama. Ta tura saƙo a ɓoye: "Mai kallon sama, in shanya?"

"Na duba, da wuya a yi ruwa yau. Shanya abinki, Yayyafi."

Ta baje ta kaf. Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, kafin ta cika buhu guda ruwa ya tsuge. Tana kokawa da tamfol sai ga saurayin ya hauro a guje, jiƙe sharkaf. Baba ma ya iso yana haki. Rabin audugar ta riga ta zama jiƙo.

Saurayin ya durƙusa a cikin ruwan.

"Baba, kada ka yi mata faɗa, ni na ce ta shanya. Na duba na ga da wuya a yi, ga shi an yi. Kuskurena ne. Mu dai awo muke yi mu kintata, lokacinsa sai mai saukar da shi."

Shi ke nan, ta ce a ranta, ya ƙarasa kansa da bakinsa.

Baba ya daɗe yana dubansa, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Sai kawai ya fashe da dariya.

"Na tsufa ina jin labarin bokaye, ban taɓa jin wanda ya ce ya yi kuskure ba. Cewa suke kai ka karya sharaɗi. Tashi ka kama min bakin tamfol ɗin nan. In mun gama, ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure da safe, Baba ya ja ango gefe.

"Ɗana, yau me wayar taka ta ce?"

"Ta ce ba ruwa, Baba."

"To, a kafa rumfa."

Ana shafa fatiha yayyafi ya soma sauka a hankali. Amarya na jin sa a kan kwanon ɗakinta lokacin da wayarta ta yi ƙara.

"Yau ma na kuskure, amaryata."

Ta rungume wayar tana dariya da hawaye. Daga tsakar gida muryar Inna ke tashi: Allah ya ba da zaman lafiya, ya sa albarka, ya saukar musu da alheri a lokacin da suka zata da wanda ba su zata ba.