Ɗinkin Malam Sanda

Saura kwana biyar a yi addu'ar arba'in ɗin Malam Sanda, 'yarsa Hadijatu tana tsaye a ƙofar wani sito a unguwar Al Qusais da ke Dubai, rana na dukan tsakar kanta, ta rasa ko mutum ɗaya da zai ɗago ido ya amsa mata gayyata. Shekara goma sha shida mahaifinta ya yi a wannan siton yana ɗinke dilolin 'yan kasuwa masu aika kaya Kano, amma yau abokan aikinsa kowa ya tsiri abin yi, wannan na gyara kwali, wancan na duba waya, kamar ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya da shi ba. Tana cikin share hawaye da bakin hijabinta sai ga Mukaila, ƙanen mahaifinta uwa ɗaya uba ɗaya, ya fito yana karkaɗa makullan siton.

"Ke Hadijatu, ba na ce kada ki ƙara zuwa nan ba? Khalas, magana ta ƙare, ki rufa mana asiri ki yi sadakarki a ɗaki. Wa kike zaton zai je addu'ar mutumin da ya ci amana?"

"Baffa... yayanka ne fa," ta ce. "Shi ya kawo ka garin nan."

"Shi ya sa kunyar ta fi cin ni," in ji shi, ya juya mata ƙeya.

Allah sarki Malam Sanda. Duk wanda ya san shi ya san mutum ne da bai iya komai ba sai aiki da haƙuri. Da dako ya fara a Kantin Kwari, a can ya koyi ɗinkin dila da basilla, har Alhaji Ɗalhatu mai siton ya ga tsaftar aikinsa ya taho da shi Dubai. Ɗaki ɗaya yake kwana da maza bakwai, gadonsa na sama duk da ciwon gwiwa, don ya bar wa wani dattijo na ƙasa. Tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin kofin shayi. Da Hadijatu ta samu aikin shara a wani asibiti ta zo, kowace Juma'a sai ya hau jirgin ƙasa ya je unguwar Satwa inda take zaune, riƙe da ledar dabino da gorar nono, ya tsaya a ƙofa yana haki yana dariya. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran ta Hadijatu ba, sai dai ya ce, "Uwata, an ci abinci kuwa?"

Ana nan sai masifa ta faɗo. Dila huɗu na leshin wata babbar 'yar kasuwa, Hajiya Turai, suka isa Kano, aka farke su a gaban masu saye, aka tarar da leshi a sama, ƙasa kuwa tsummokara da yagaggun kwalaye. Ƙullin da ke bakin kowace dila irin na Malam Sanda ne, ƙulli mai ninki uku da kowa ya san shi da shi. Mukaila ya tsaya gaban Alhaji ya rantse da Allah ya ga yayansa ya koma siton shi kaɗai bayan an tashi. Aka kori bawan Allah, aka soke bizarsa, aka ba shi wata guda ya bar ƙasar. Bai yi gardama ba, bai ɗaga murya ba, abin da ya faɗa kawai shi ne, "Allah ya sani." Kwana goma sha ɗaya ya yi ba ya iya cin abinci, a rana ta sha biyu ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci bayan azahar, ko asibiti bai kai ba.

Mutuwar ba ta kashe maganar ba. A ɗakinsu na Satwa, da Hadijatu ta shigo sai ta ji ƙarar kwaɗo, abokan zamanta na kulle akwatunansu. A Kano mata na zuwa yi wa mahaifiyarta, Inna A'i, ta'aziyya, su fita suna ƙus-ƙus a soro. Mukaila kuwa aka naɗa shi shugaban masu ɗinki, ya haye gadon yayansa ya miƙe ƙafa. Hadijatu ta rame ta yi baƙi, sujadarta duk kuka ce, abu ɗaya take roƙo: kada a ɗaga hannu a yi wa mahaifinta addu'ar arba'in alhali mutane na kiran sa ɓarawo a zuci.

Ranar nan da Mukaila ya juya mata ƙeya, ba ta bar ƙofar siton ba sai ga mota ta tsaya, Hajiya Turai ta fito da fushinta, ta taho tun daga Kano da buhunan dilolin nan don ta nuna wa Alhaji da idonsa. Da aka ce mata ga 'yar Malam Sanda, sai ta zare buhu ɗaya ta wurga shi gaban ƙafarta.

"Ɗauki ki gani, ga aikin ubanki. Shekara nawa ina cewa ba mai taɓa mini kaya sai shi..."

Hadijatu ta durƙusa ta ɗauka. Ta gefe aka farke buhun da reza, don haka ɗinkin bakinsa na nan daram. Ta bi shi da yatsa tana kuka, don tun tana 'yar shekara bakwai take riƙe wa mahaifinta igiya yana ɗinki a tsakar gidansu. Can sai yatsan ya tsaya, kukan ma ya tsaya.

"Hajiya, wannan ba hannun Baba ba ne."

"Ƙullinsa fa?"

"Ƙullin irin nasa ne, amma dubi inda yake. Baba bahago ne. Da duka aka hana shi cin abinci da hagu yana yaro, amma basilla ba ta taɓa yarda da damansa ba. Daga hagu yake farawa ya ƙulle a dama. Wannan daga dama aka faro shi, sukan ma duk sun kwanta ta ɗaya gefen."

Alhaji Ɗalhatu, da hayaniya ta fito da shi daga ofis, ya sa aka jawo wasu tsofaffin diloli na Malam Sanda da ke can ƙuryar siton, aka jera su kusa da buhun. Ko ɗaya ba a samu mai ƙulli a hagu ba. Mutum ɗaya ne kuma a duniya marigayin ya koya wa wannan ƙulli, wato ƙanensa. Alhaji ya ɗauki basilla ya miƙa wa Mukaila.

"Yalla, maza ɗinka mana mu gani."

Gumi ya karyo wa Mukaila. Ya karɓa da dama, ya dubi buhun, ya dubi mutane, sai basillar ta suɓuce masa. Ya zube ƙasa yana cewa sharrin shaiɗan ne, a rufa masa asiri don darajar zumunci. Zumuncin da ya tuna da shi yanzu! Nan take Alhaji ya kira 'yan sanda. Ƙarshensa gidan yari, daga can aka tasa ƙeyarsa gida. Hajiya Turai ta rungume Hadijatu tana hawaye tana neman gafara, ta ce daga yau 'yarta ce, kuma ita za ta riƙa kula mata da kayanta a Dubai.

Ranar arba'in bayan la'asar ɗakin su Malam Sanda ya cika, mutane suka zauna a baranda har kan matakala. Kafin a ɗaga hannu Alhaji Ɗalhatu ya miƙe, dattijo da furfurarsa, yana kuka a gaban ma'aikatansa. "Jama'a ku shaida, Sanda bai taɓa cin amanata ba. Ni na zalunce shi, kuma ya tafi ban nemi afuwarsa ba."

Hadijatu tana daga gefen mata riƙe da waya, ta kira Kano don Inna A'i ta ji da kunnenta. Da aka shafa ta kara wayar a kunne.

"Inna, kin ji? An wanke shi... kowa ya ji."



"Na ji, 'yar nan. Shekara da shekaru ina wanke masa riguna, ban taɓa tsintar ko allurar wani a aljihunsa ba, ni ba a wanke mini shi ba, dama a wanke na san shi." Sannan ta ƙara da cewa, "Sai dai ina ma yana cikin ɗakin nan aka faɗa, ko da a bakin ƙofa ne."