Baƙin da Ba Su da Kowa

"Malam, mu tafi gidan Goggo... Hankalina bai kwanta da wurin nan ba."

"Gadon ƙarfe fa, Salame. Ga gidan sauro, ga ruwan famfo. Gidan Goggo mi za a ba ki? Tabarma da tambayoyi."

"Ko gaisuwa ce mu kai."

"Ranar tafiya. In muka je yau, ke da ni sai hange daga zaure."

Lukuman malamin elementare ne a Gwandu. Ya yi karatu daidai gwargwado, wato daidai wanda zai cuce shi. A littattafai ya ga Turawa na ɗaukar matansu su tafi hutu, ba biki ba ta'aziyya ba, su zauna kawai suna kallon juna. Abin ya shiga ransa. Da aka ba da hutun makaranta, cikin matarsa Salamatu na fari ya tsufa, lokaci ya yi da zai mai da ita Kalgo ta haihu a gaban iyayenta. Sai ya ce kafin a karɓe masa ita, su hau mota su yi 'yan kwanaki a Sakkwato, su biyu.

Yana sonta, wannan ba a musu. Maraya ne, duk son da ya rasa inda zai kai, a kanta ya sauke.

Otal ɗin bene ne a tsakiyar gari, tagarsa na kallon kasuwa. Abin da ya burge shi ke nan, ko'ina kusa. Har da gidan Goggo Kubura, ƙanwar baban Salamatu, wadda ta yaye ta, ta goya ta shekaru. A wajensu baƙo ba ya tsallake gidan danginsa ya sauka wani wuri. Otal kuwa na direbobi ne, da matan da ba a tambayar ina mazansu.

Washegari ya sayo mata tsire, ya ce sai ta ci a gabansa. Ta rufe fuska da gyale tana dariya.

"Kai dai ba ka da kunya, Malam."

"Na bar ta Gwandu tana gadin gida. Taho ki ga gari, haskena."

Ta leƙa. Raƙuma, rumfuna, masu koli, mutane kamar tururuwa. Ba ta taɓa ganin duniya daga sama ba. Ta manta da tsoro, ta dogara da taga, shi kuma ya sauka don sayo mata awarwaro.

Wani ɗan Kalgo mai sayar da bandar kifi ya ɗaga kai, ya gane ta.

Labari ya ɗauki Salamatu, ya ɗauki taga, ya ɗauki otal. Mijin ya yi masa nauyi, ya yar da shi a hanya.

Da la'asar Goggo Kubura ta iso, akushi a kanta, ita da kanta, duk da 'yan aiken da ke gidanta. Ta dire shi a ƙofar otal, gaban direbobin da ke zaune suna cin goro. Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta bukata.

"An ce mini wasu baƙi sun sauka garin nan, ba su da kowa. Na kawo musu sadaka."

Salamatu ta sauko da ƙyar tana riƙe da bango, ta durƙusa.

"Goggo..."

"Wa? Ni ɗiyata tana Gwandu, ɗakin mijinta. Ba a shanya ta ga taga."

Lukuman ya cire hula ya russuna. "Goggo, laifina ne. Hutu kawai muka zo."

"Hutu." Ta juya kalmar a baki kamar tsakuwa a tuwo. "Wane aiki muka sa ta da ta gaji da mu?"

Direbobin suka tuntsire da dariya.

"Ke, ɗauko kayanki ki biyo ni yanzu. Shi ya kwana nan da bokonsa."

Salamatu ta dubi Goggo, ta dubi mijinta. Yana tsaye, hula a hannu, awarwaro a ɗaya hannun, ana yi masa dariya a garin da bai san kowa ba.

"Kada ki bar ni nan, Salame," ya ce a hankali.

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a ƙasa. "Goggo, ki gafarce ni... tare muka zo."

Goggo ta gyara lulluɓi ta tafi. Akushin ta bar shi nan, direbobi suka cinye tuwon suna yaba miya.

Da suka isa Kalgo, baban Salamatu ya tare su a zaure. Ya amsa sallama, don dole ce. Bai ba da tabarma ba.

"Haihuwar fari gidan iyaye aka yin ta. Wadda ba ta da dangi a Sakkwato, ina ta samo su a Kalgo?"

"Baba, ni na kai ta. Ni za ka hukunta."

"Kai wane ne nawa da zan hukunta ka? Ƙanwata ta ɗauki akushi a ka, garin da ake ganin girmanta. Ku koma inda aka ba mutum ɗaki ba a tambayi ubansa ba."

Daga cikin gida ana jin kukan Inna, uwar Salamatu. Kukan bai fito zaure ba, ita ma ba ta fito ba.

A Gwandu Salamatu ta haihu, wata rana da hantsi, a hannun tsohuwar maƙwabciyarsu. 'Ya mace. Jini ya ƙi tsayawa. Da tsohuwar ta ga abin ya fi ƙarfinta, ta kira mijin ya shigo, abin da ba a yi.

"Inna ta zo?"

"Tana hanya, haskena."

"Kullum tana hanya..." Ta yi murmushi. "Malam, garin nan da kyau daga sama. Ban yi da-na-sani ba, ka ji? Kai ma kada ka..."

Ba ta ƙarasa ba.

Mutanen Kalgo da suka kasa zuwa haihuwa sun sami hanyar zuwa ta'aziyya. Har Goggo Kubura ta taho daga Sakkwato. Lukuman ya share ɗakunan gidansa da hannunsa, ya aro tabarmi, ya sa aka ɗora tukunya, ya fito ya durƙusa a gabansu.

"Goggo, ga masauki na gyara. Ku shigo."

Goggo ta karɓi jaririyar daga hannun maƙwabciya, ta duba fuskarta, ta goya ta a baya ta ɗaure zane tamau. Kowa ya gane Kalgo za a kai yarinyar, babu wanda ya tambayi uban.

Sannan ta dube shi, ta dubi ƙofar da ya buɗe musu.

"Mun daina sauka gidan dangi, Malam, kai ka koya mana. Nuna mana otal ɗin Gwandu."