Ɗaya Kunnen

Tela ya saba fita gudu kafin gari ya waye, iyafis na jin waƙa a kunne ɗaya, ɗayan yana reto a ƙirji. Matarsa ce ta roƙe shi haka, don ya riƙa jin motoci.

Yau duk waƙar da ya saka sai wani numfashi ya ratso ta. Ya canza, ya ƙure sauti, ya ƙara gudu har ƙirjinsa kamar zai tsage.

"Yaya, mayar da ta ɗazu mana," aka ce daidai kafaɗarsa. "Ita nake so."

Bara aka binne ƙanensa. Takun mutum ɗaya ne a titin.

Ya laluba ƙirji, babu komai. Igiyar ta miƙe gefe, tana bin sa, daidai tsayin kunnen mutum.